Mun rage sukari a shayi, amma ƙarfe nawa muke kwanciya?

A wajenmu da an ce wane ya kamu da ciwon suga abin da za ka fara ji shi ne "ai dama akwai shi da shan zaƙi", sai a hana shi lemon kwalba da farar shinkafa a koma dafa masa acca da tuwon alkama, amma ba wanda zai tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Ni dai a ganina wannan tambayar ta daɗe da cancantar shiga bakin likitocinmu da namu ma.

A 1999 a jami'ar Shikago da ke Amurka, Eve Van Cauter da abokan aikinta suka ɗauki samari 11 lafiyayyu, aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa 4 kacal har dare 6 a jere. Da aka auna sai aka ga saurin da jikinsu ke kwashe suga daga jini ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, samari fa masu jini a jika, cikin ƙasa da mako guda. Mujallar The Lancet ce ta buga sakamakon. Rashin barci yana sa sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa in mutum yana cikin damuwa, ya ƙi sauka da yamma yadda ya saba, jiki kuma ya rage jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, suga ya yi ta yawo a jini. A 2004 ma suka sake nuna cewa ƙarancin barci na tayar da sinadarin da ke jawo yunwa ya danne na ƙoshi, kuma abin da mutum zai yi ta kwaɗayi shi ne zaƙi da kayan fulawa.

Yanzu a duba rayuwar matashinmu. Ya zauna majalisa har 12, ya biya wajen mai shayi ya ci Indomie da ƙwai da burodi ya kora da shayi mai kauri, ya dawo gida ya sayi datar dare don ta fi arha ya hau TikTok, sai 1 saura ko ta wuce ya kwanta, 5 a kira asuba. Lissafa mana, awa 4 kenan, daidai da na samarin Shikago, su dare 6 aka yi musu shi kuma shekara da shekaru yake a haka. Masana barci sun ce baligi na buƙatar awa 7 ko fiye. Kuma tun kafin su, ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) yana ƙin hira bayan isha'i.

Na san akwai wanda ba laifinsa ba ne. Mai gadi, direban tirela da ke kwana a hanyar Legas, nas mai aikin dare, da talakan da zafin Afrilu ya hana runtsawa ga ba wuta ga sauro. Binciken jami'ar Harvard a kan ma'aikatan jinya mata ya nuna waɗanda suka daɗe suna karɓa-karɓar aikin dare sun fi kamuwa da ciwon suga, don haka su ne ya kamata a fara yi wa gwaji, kuma wanda ya samu dama ya yi ƙailula bayan azahar.

Abin da ya fi damuna shi ne minshari, wallahi mun mai da shi abin dariya. Mutum mai ƙiba yana ja numfashinsa na ɗaukewa yana farkawa a firgice, gari ya waye yana gyangyaɗi a shago, wannan cuta ce kuma tana da alaƙa da ciwon suga. Haka wanda ke tashi fitsari sau 4 sau 5 cikin dare ga ƙishirwa, wataƙila sugan ne ma ya riga ya hau yake hana shi barcin. Irin wannan ya je a auna jininsa da safe kafin ya karya, in sugan jinin ya kai 126 mg/dL a maimaita gwajin, kuma ko likita bai tambaya ba ya faɗa masa yadda yake kwana.