Albashinta ya fi naka, amma ciyarwa tana nan a wuyanka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum ƴan uwa maza da mata.

Duk mai fita da sassafe a Maraɗi yana ganin su: malaman lakwal da alli a jaka, ungozomomi da ma'aikatan jinya sun nufi asibitin uwa da yara, ɗalibai mata suna tsaida adaidaita zuwa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A daidai wannan lokaci, a wasu fadodin samari na unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba a ma kwashe tabarmar shayin jiya ba. Kada dai a ɗauka ko'ina haka abin yake. A ƙauyukan Dakoro, Mayahi da Gidan Rumji har yanzu ƴa mace ce ake fara cirewa daga aji, kuma binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, shi ya sa a 2017 hukuma ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace har zuwa shekara 16. Amma a cikin gari gidaje sun yawaita inda mace ce mai takarda da albashin ƙarshen wata, maigida kuwa yau a samu gobe a rasa. Da waɗannan gidaje muke magana.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 34, maza su ne masu tsayuwa a kan mata, sai ya ambaci dalili biyu, na biyun shi ne abin da suka ciyar daga dukiyoyinsu. Da yawanmu mun haddace farkon ayar, ƙarshenta kuwa sai mu yi sauri mu wuce. A aya ta 32 kuma ya ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta. Saboda haka albashin matarka nata ne, kamar yadda sadakinta da gadonta da jar akuyar da take kiwo suke nata. Ci da sha da sutura da wurin kwana suna kanka, ko da ta fi ka kuɗi ninki goma. Sauƙin da Allah ya yi maka yana cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7: mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Idan tiyar hatsi da kuɗin miya ne ƙarfinka, ka ajiye su kullum, ka sauke farali. Wanda ya daina ajiye komai don yana ganin "ai madan tana ɗaukar albashi", shi ne ya shiga cikin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Ta ina ɓarna take shigowa? Galibi ta katin banki. Maigida ya karɓe kati da lambar sirri, albashi na faɗawa ya je ya kwashe, ya miƙo mata kuɗin adaidaita. In an yi magana ya ce da yardarta. Yarda a Shari'a ita ce daɗin rai, haka Alƙur'ani ya faɗa a kan sadaki: idan sun ba ku wani abu da daɗin rai, ku ci. Wadda ta miƙa kati saboda an ɗaure mata fuska mako biyu, ko an ce za a hana ta aiki, ko ana yi mata barazana da kishiya, ba ta ba da daɗin rai ba, kuma abin da aka ci ta wannan hanya bashi ne har gaban Allah. Wanda ya fi wannan muni shi ne a tura ta ta ci bashin banki a kan albashinta. Riba ce tun farko, sannan sunanta ne a takarda, ita za a riƙa yanka wa kowane wata shekara da shekaru, ko auren ya mutu. Wani da kuɗin ma yake kai lefen amarya.

Maganin wannan shi ne duk kuɗin da zai fita daga hannunta zuwa hidimar gida a san matsayinsa tun ranar: kyauta ne, rance ne, ko haɗin gwiwa ne. Idan kyauta ce, ƴar uwa, kin yi kasuwa mai riba. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da su, ta aika a tambayi Annabi (SAW) ko sadakarta ga mijinta da marayun da take riƙo za ta isar mata, ya ce tana da lada biyu, ladan zumunci da ladan sadaka. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Idan rance ne, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire mata da miji ba. Takarda ɗaya ta isa: adadi, ranar karɓa, ranar biya, sa hannun su biyu da shaidu biyu.

Haɗin gwiwa shi ne inda aka fi zubar da hawaye, don haka a kula. A ce fili ne na miliyan 2, ita ta zuba jika 800 daga adashenta, shi ya cika sauran, aka yi takardar saye da sunansa shi kaɗai saboda kunya. Ranar da ya faɗi ya mutu, fili ya shiga gado gaba ɗaya. Rabon mace idan akwai ƴaƴa tumuni ne, ɗaya cikin takwas, in su biyu ne ko uku su raba wannan tumunin a tsakaninsu. Jika 800 ɗinta kuwa sai ta kawo shaida, shaidan nata kuma yana kabari. Abin da ya kamata shi ne a rubuta kason kowa a jikin takardar saye, gaban mai unguwa da shaidu, tun kafin a aza bulo, kowa ya riƙe kwafi. Haka babur, haka firji na sana'ar ƙanƙara, haka shago.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani dalla-dalla a nan. Idan miji ya talauce da gaske, ciyarwa ta faɗi daga kansa a wannan lokaci, abin da matar ta kashe wa kanta ba zai zama bashi a kansa ba, sai dai tana da damar kai ƙara gaban alƙali in ba za ta iya haƙuri ba. Idan kuwa yana da shi ya ƙi fitarwa, duk abin da ta ciyar da kanta tana iya bin sa. Ita ma akwai nata iyaka: saye da sayarwa da juya dukiyarta ba ta buƙatar izinin kowa, amma kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta miji yana da ikon hanawa. Zakka kuma tana kanta ita kaɗai: idan ajiyarta ta kai ƙimar gram 85 na zinariya, shekara ta zagayo, ta fitar da 2.5 cikin 100. Ba wa miji wannan zakkar akwai saɓani a mazhaba tsakanin hani da karhanci, gara ta nemi wani mabuƙacin.

Ke kuma da Allah ya ɗaukaka, ki tsare harshenki. "Wa ke biyan wuta a gidan nan?" a gaban yara ta isa ta ƙone ladan shekara, domin Allah ya ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Maganar aiki kuma a gama ta tun kafin ɗaurin aure, a bakin waliyyai: za ta ci gaba da karatu? In an tura ta aiki ƙauye fa? Kwanan asibiti fa, wa zai riƙe yara? Yawancin rigimar da ake kaiwa gaban malamai tambayoyin nan ne da aka ji kunyar yi.

Saura ƴaƴanmu maza, don daga nan abin ya faro. Iyaye suna tsare ƴa mace: an san lokacin fitarta, an san na dawowarta, magariba tana gida, dole ta buɗe littafi. Ɗa namiji kuwa an sake shi. Tsakanin ajin farko na kolej da shekarar jarrabawar BEPC ta kammala kolej ake rasa shi: ya ɗana kabu-kabu ko sayar da man fetur na ruwa-ruwa a bakin hanyar Ɗan Isa, ya ga jika biyu a aljihu, aji ya fita ransa, daga nan sai zancen tafiya bida ko haƙar zinariya a Jado. Babu aibi a sana'a, Annabi (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Aibin shi ne yaro ya bar aji bai kama sana'ar da ake koyo ba. Uba ya je lakwal da ƙafarsa ko sau ɗaya a kowane zangon karatu, ya ga rajistar kiran suna, kada ya tsaya ga abin da yaro ya faɗa masa. Idan boko ya ƙi, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, akwai lise ta fasaha ta Ɗan Kasawa ga wanda ya samu BEPC, akwai garejin makanikai da masu walda da kafintoci, a kai shi hannu da hannu, a yi magana da maigidan wurin a kan shekarun koyo.

Jari kuma ba sai an jira gwamnati ba. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991: mata su taru kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da aka yanke a akwati, a ranta wa mai buƙata, ƙarshen zagaye a raba. Samari goma na fada ɗaya da za su zuba dala ɗari-ɗari kowace Juma'a, jika 5 ke nan a mako, jika 260 a shekara, ba tare da sa ruwa a kan rance ba. Wannan ya isa a saya wa mutum biyu keken ɗinki ko kayan gyaran salula, shekara mai zuwa a saya wa wasu biyun.