Binciken da ba ya komawa wurin waɗanda aka yi shi a kansu

Jama'a, na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai zan amayar da ita. Malamaina na jami'a ku yi mini afuwa idan ta yi ɗaci, don ni ma a cikinku nake.

Duk wanda ya taɓa aikin jin daɗin jama'a ya san irin ranar da nake nufi. Yaro ne a gabanka, an ce gidansu ba lafiya, kuma kafin yamma sai ka yanke shawara: a bar shi wurin iyayensa ana bibiya, ko a ɗauke shi? Ko matar da mijinta ke duka ta zo ta ce ba za ta bar gidan ba saboda 'ya'yanta. A wannan sa'a ma'aikaci ba shi da abin dogaro sai abin da ya gani a baya, da abin da na gaba da shi ya ce, da kuma zuciyarsa. Alhali a wani wuri akwai maƙaloli bila adadin da aka rubuta a kan ainihin wannan tambaya. Suna nan a kulle cikin mujallun ilimi, sai mai katin ɗakin karatu na jami'a ke iya buɗe su, kuma ko ya buɗe, harshen da aka rubuta su da shi sai wanda ya sha karatun ƙididdiga.

Wasu abokan aikina kan ce ai wannan ba asara ba ce, aikinmu na tausayi ne, kuma tausayi ba ya bukatar lissafi. A nan muke rabuwa da su, kuma ga dalilina.

A shekarar 1939 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka, don hana yara maza faɗawa aikata laifi. Yaran sun haura 500. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba kowannensu mai ba da shawara da ke ziyartarsa a gida, aka taimaka musu da karatu da magani, aka kai wasunsu sansanin hutu, har na kusan shekara biyar. Sauran rabin aka bar su yadda suke. Duk wanda ya ji wannan tsari zai ce madalla. Bayan shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun waɗannan yara, sun zama magidanta, ta wallafa abin da ta samu a 1978. Waɗanda aka taimaka wa ba su fi 'yan uwansu kyakkyawar makoma ba. Ta wasu fuskoki ma sun fi su shiga uku: sun fi yawan maimaita laifi, sun fi fama da shaye-shaye da taɓin hankali, mutuwa da ƙuruciya ma ta fi yawa a cikinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da aka tambaye su, yawancinsu cewa suka yi shirin ya amfane su, suna tuna masu ba su shawara da alheri. Wato mai taimako ya gamsu, wanda aka taimaka wa ya gamsu, amma garin neman gira an rasa ido, kuma ba wanda zai taɓa sani ba don an ajiye wancan rabin an kwatanta ba.

Irin haka ta sake faruwa da shirin nan na kai matasa masu ƙiriniya gidan yari su ga uƙuba da idonsu, wai ko sa ji tsoro. Da masu bincike suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, sai suka ga matasan da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba faɗawa laifi daga baya. Tun 1973 ma wani mai bincike, Joel Fischer, ya duba bincike 11 da aka yi kan aikin kula da mutum ɗai-ɗai, ya ce bai ga shaidar cewa yana kawo sauyi ba, fagen ya yi ta ka-ce-na-ce shekaru. Ban ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga sana'armu ba. Likita ma yakan gano maganin da ya daɗe yana bayarwa ba ya aiki, ya daina.

Kuma bincike yakan nuna hanya, ba rushewa kawai yake yi ba. A Romaniya, daga shekarar 2000, an bi yara 136 da ke gidajen marayu na Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Sakamakon ya nuna waɗanda suka koma cikin iyali sun fi bunƙasar ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Wannan magana ce da ya kamata duk mai hannu a harkar marayu, da duk mai tsara doka a kansu, ya san ta kamar sunansa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa jin ta a wurin aiki?

To laifin wa? Ni dai na fi ɗora shi kan yadda muke auna malamin jami'a. Ƙarin girma yana zuwa ne da yawan maƙaloli da kuma sunan mujallar da ta buga su. Ba a tambayar ko wani ma'aikaci ya karanta, ko wata hukuma ta gyara tsarinta saboda abin da ka gano. Sai ka ga bincike ɗaya an yanyanka shi maƙala uku ko huɗu. Sai ka ga an guji tambaya mai wuya da za ta ci shekaru, an koma raba takardun tambayoyi ga ɗalibai saboda su ne a kusa. Mujallu kuma sun fi son labarin nasara, don haka shirin da aka gwada bai yi aiki ba yakan mutu a cikin durowa, wasu su zo su sake kashe kuɗi da lokacin talakawa a kansa. Ga kuma mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba, suna cin kasuwa saboda matsin nan da aka yi wa matasan malamai. An yi yunƙurin gyara. A 2002 aka fitar da kiran Budafes na a buɗe wa kowa sakamakon bincike kyauta, a 2012 kuma aka tsara sanarwar San Francisco da ta ce a daina auna mai bincike da darajar mujalla. Amma sau da yawa buɗewar ta zama marubuci ne zai biya kuɗi mai tsoka kafin a buga masa, sai mai ƙaramin ƙarfi da a da ba ya iya karantawa ya koma ba ya iya wallafawa.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Na taɓa raka wata tawagar masu bincike wurin matan da suka rasa mazajensu. Na ga yadda suka buɗe cikinsu, wata tana magana tana share hawaye da gefen mayafi, suka faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa danginsu ba. Aka naɗi muryoyinsu, aka yi godiya, aka tafi. Maƙala ta fito, an yaba mata. Bayan wani lokaci na haɗu da ɗaya daga cikin matan, ta ce mini, "Ɗana, waɗancan baƙin da ka kawo, me suka ce game da mu?" Wallahi ban sami abin ce mata ba. Ba wanda ya koma, har da ni da na yi musu jagora. Sa hannu a takardar amincewa ba ya sauke wannan nauyi daga kanmu.

Abin mamaki, tushen sana'ar ba haka yake ba. Jane Addams da abokan aikinta na Hull House, gidan da suka buɗe a Chicago a 1889, a cikin unguwar talakawan suka zauna, suka bi gida-gida suna rubuta abin da iyalai ke samu da yadda suke rayuwa, suka zana taswira, suka ɗauki wannan hujja suka tunkari masu mulki da ita kan batun sa yara aikin ƙarfi. Mai binciken da maƙwabcin mutum ɗaya ne. Can a New Zealand kuma, koken al'ummar Maori, 'yan asalin ƙasar, kan yadda ake raba su da 'ya'yansu shi ya kai ga dokar 1989 da ta kawo zaman dangi, inda iyalin yaro ke haɗuwa su tsara mafita da kansu, kuma ƙasashe da dama suka ara daga baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'anar aikin jin daɗin jama'a da ƙungiyoyin duniya na wannan fage suka amince da ita a Melbourne a 2014 ta ambaci ilimin gargajiya na al'ummomi ƙarara a cikin ginshiƙan sana'ar, amma har yau yawancin abin da ake bugawa daga ƙasashe ƙalilan masu arziki yake fitowa, cikin Ingilishi, sauran duniya kuma ta zama wurin ɗibar bayanai.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Duk wanda ya gama bincike ya rubuta shafi ɗaya ko biyu cikin harshen mutanen da ya yi wa tambayoyi, ya koma ya karanta musu da bakinsa, ya saurari inda za su ce ya yi kuskure. Kwamitocin ƙarin girma su lissafa wannan a matsayin aiki. Editoci su ware gurbi ga gwajin da bai yi nasara ba. Hukumomi su ba ma'aikacinsu ko da sa'a biyu a mako ya karanta, su kuma bar shi ya kawo tambayar da za a bincika, don shi ke ganin abin da ke faruwa.

Ni na fara da kaina. Na nemi waccan maƙala, na zauna na fassara abin da ke cikinta da kalmomi masu sauƙi, kuma mako mai zuwa in Allah ya yarda zan je wurin Inna, matar nan da ta yi mini tambayar, da sauran matan in karanta musu. Ku da kuke fagen aiki, wace tambaya ce kuka daɗe kuna son a bincika muku ba a yi ba?