Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Salama gare ku, 'yan'uwa a cikin Ubangiji.

Kwana biyu ke nan labarin Rabaran Ray Davey yana yi mini yawo a zuciya. Fasto ne na ikkilisiyar Presbiteriyan a Ireland ta Arewa. A Yaƙin Duniya na Biyu ya tafi Arewacin Afirka yana yi wa sojojin Birtaniya hidima a ƙarƙashin ƙungiyar samari Kirista ta YMCA, aka kama shi a 1942. Ƙarshen zamansa na fursuna a kusa da birnin Dresden na Jamus ya yi shi, kuma yana can a watan Fabrairu 1945 da jiragen ɓangarensa suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, mutane kimanin 25,000 suka halaka. Garin waɗanda suka tsare shi ne. Da wani ne, sai ya ce alhaki ne ya kama su. Shi kuwa ya dawo gida da nauyin abin a ransa, ya ga inda ƙiyayya take kai mutane.

A 1965, shi da ɗaliban da yake kiwo a Jami'ar Queen's ta Belfast suka sami wani tsohon gida a bakin teku kusa da garin Ballycastle, suka buɗe cibiyar sulhu mai suna Corrymeela, inda ɗan Katolika da ɗan Furotesta za su kwana a gida ɗaya, su ci abinci tare, su saurari juna. Ku dubi shekarar da kyau. Sai a 1969 wutar rikici tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta ta tashi sosai a Ireland ta Arewa, ta ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ranar da iyalai suka fara gudu daga unguwanninsu, ƙofar tana buɗe tuntuni, kuma akwai mutanen da suka riga suka san juna.

Mu fa? Sai an yi jana'iza muke neman lambar wayar maƙwabci. Sai an ƙona kasuwa muke kiran taron sulhu, alhali shekara da shekaru ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Manzo Bulus ya ce Allah ya danƙa mana hidimar sulhu, a 2 Korintiyawa 5:18. Wannan aya tana tsorata ni, don na san gidan da nake kauce wa ƙofarsa in zan tafi sujada.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin Lahadi mai zuwa ku je ku yi sallama a irin wannan ƙofar. Ni ma gobe da yamma zan je tawa. Ku sa ni a addu'a.