Kafin a Zo Rabon Gado, Wa Zai Riƙe Mai Dukiyar?

Ka ce wa dattijo ya rubuta wasiyya, ka ji amsa: "Mutuwa kuke yi mini fata?" Idan kuwa mai karatu ne, zai ce Allah da kansa ya raba gado, me ya rage masa? Maganarsa gaskiya ce, sai dai ba ta amsa tambayar ba. Ayoyi uku na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176, sun yanke rabon 'ya'ya da iyaye da ma'aurata da 'yan'uwa. Ba su faɗa wa magada inda takardar fili take ba, ko wa ke bin mamaci bashi. Kuma ba sa fara aiki sai rai ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan na ƙarshe. Mun mayar da hankali kan ranar rabo, alhali shekarun da suka fi wargaza iyali su ne waɗanda ke gabanta, lokacin da mai dukiyar yana raye amma ƙafa ta daina ɗauka, ko ƙwaƙwalwa ta fara zubar da abin da ke cikinta. Dukiyar ba ta zama gado ba, don haka babu mai ikon taɓa ta, shi kuma mai ita ba ya iya sarrafa ta. A wannan tsakanin ake sayar da kadara a ɓoye, a nan 'yan'uwa ke daina gaisawa tun kafin a yi zaman makoki.

Kuma tsakanin sai ƙara tsawo yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma za su kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashen da ba masu arziki ba. Fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, wadda muke lulluɓewa da sunan gigin tsufa, ana kuma samun kusan miliyan 10 sababbi duk shekara. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke yin sa ba, amma wanda ya kama yana iya shekaru da dama a cikinsa, jiki garau, hankali na janyewa a hankali. Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan sani. An sanar da mu, shirin ne ba mu yi.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Uba ya wakilta babban ɗansa ya riƙa karɓar kuɗin haya, ko ya ba shi katin banki da lambar sirri, kowa ya ɗauka an gama. To wakilci na yau da kullum, a fiƙihu da kuma a dokokin ƙasashe da yawa, yana faɗuwa ne idan hankalin wanda ya wakilta ya gushe. Wato ranar da aka fi bukatar wakilin, ranar ikonsa ke ƙarewa. Abin da ɗan ya ci gaba da yi bayan nan, ko da zuciya ɗaya yake yi, ba shi da madafa idan ƙannensa suka tashi tuhuma. Saboda wannan giɓin ne Ingila da Wales suka yi doka a 2005, ta fara aiki a 2007, wadda ta ba mutum damar naɗa wakili mai ɗorewa tun yana cikin hayyacinsa: takarda ɗaya don dukiya, wata don lafiya da walwala, a yi musu rajista. Wanda bai yi ba, sai iyalinsa su nufi kotu ta naɗa masa, da duk jinkiri da kashe kuɗin da ke ciki. A shari'ar Musulunci ma alƙali ne ke naɗa mai kula da dukiyar wanda hankalinsa ya gushe. Aikin alƙalin zai fi sauƙi nesa ba kusa ba idan akwai rubutu da shaidu da ke nuna wanda mai dukiyar ya yarda da shi tun yana gane mutane.

Sai kuma maganar da ba a so a yi: wa ke yin jinyar? Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na sa'o'in aikin kulawa da ba a biya. Ba sai an duba rahoto ba ma, a leƙa kowane gida mai tsoho kwance. 'Ya mace ce ko matar ɗa ke juya shi, ta wanke shi, ta canza shimfiɗa da tsakar dare, ta ajiye sana'arta ko aikinta shekara biyar, shida. Sauran 'yan'uwa suna bugo waya: "Yaya, ya jikin Baba?" Wasu su turo abin da ya sawwaƙa. Ranar rabo kuwa kowa ya zo da lissafinsa daidai, ita kuma a ce mata Allah ya ba da lada. Lada na nan, babu mai musu. Amma ban ga dalilin da zai sa ladan lahira ya zama hujjar cin haƙƙin duniya ba.

Uban da ya ga wahalarta ya ce zai bar mata wani abu a wasiyya, sai ya ci karo da ƙa'ida: babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun amince. Idan ya jira har ciwon ajali ya kwantar da shi sannan ya yi mata kyauta, malamai suna ɗaukar kyautar a matsayin wasiyya, sai ta koma ƙarƙashin wannan ƙa'idar. Kyautar lokacin lafiya ma sai an miƙa an karɓa a hannu, ba faɗa da baki kawai ba, ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ya umarci iyaye su yi adalci tsakanin 'ya'yansu wajen kyauta. Hanyar da na ga ta fi tsabta ita ce a kira aikin da sunansa. Jinya aiki ce. A yanka mata albashi daga dukiyar wanda take jinya, a rubuta, 'yan'uwa su sa hannu, kamar yadda za a biya bare da shi aka ɗauko. Wasu za su ce ai abin kunya ne 'ya ta karɓi kuɗi don ta kula da mahaifinta. In ta ga dama ta yafe, wannan nata ne. Kunyar tana kan waɗanda suka yafe a madadinta ba su tambaye ta ba.

Matar ɗa kuwa ba ta gadon surukinta ko kaɗan, don haka ƙofar wasiyya a buɗe take gare ta. A nan amfanin sulusin nan yake, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiya, wanda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya nemi bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Sulusin na waɗanda rabo bai isa gare su ba ne: surukar da ta yi jinya, ɗan riƙo, hadimin da ya tsufa a gidan, da jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, baffanni suka katange shi. Masar ta ga yawan irin waɗannan jikoki har ta sa musu wasiyya ta dole a dokarta ta 1946. Inda babu irin wannan doka, alƙalamin kakan kaɗai ne zai cece su.

Game da inda tsoho zai zauna, ina tare da masu cewa gida ya fi, muddin ana nufin gidan da aka shirya. Faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Ƙarfen riƙewa a banɗaki, fitila a hanyar fita da dare, ɗaki a ƙasa maimakon bene, duk ba su kai kuɗin karayar ƙugu ɗaya ba. Tsakanin "mu riƙe shi mu kaɗai" da "mu kai shi gidan tsofaffi" akwai matakai da ake tsallakewa: mai kula da ake biya ta zo da rana, ma'aikaciyar jinya mai zuwa duba ciwon kwanciya da magunguna, da rabon kwanaki tsakanin 'ya'ya don mai jinya ta samu ta yi barci. Gidajen kula da tsofaffi suna da tabonsu. A Afrilun 2020 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya ce kusan rabin waɗanda korona ta kashe a yankin mazauna irin waɗannan gidaje ne. Amma kada mu yi saurin wanke kanmu. Hukumar dai ita ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 6 masu shekara 60 zuwa sama na fuskantar cin zarafi a cikin al'umma, ciki har da cinye musu kuɗi, kuma sau da yawa na jiki ne ke yi. Tsohon da aka kulle a ɗakin baya don kada baƙi su ga ya ruɗe, ba za a ce an riƙe shi ba don kawai yana cikin gida.

Gwamnatoci sun gwada hanya biyu. Singafo a 1995, Indiya a 2007, sun ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su. Sin ta ƙara da wajabta ziyara a 2013. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kafa inshorar kulawa ta dogon lokaci, a Japan kowa na fara biya daga shekara 40. Ta biyun ta fi kama hankalina. Uwa nawa ce za ta iya tsayawa gaban alƙali da ɗanta? Kuma hukuncin kotu ba ya tashi da dare ya juya mara lafiya. Kuɗin da aka tara tun da ƙarfi shi ke ɗauko mai yin hakan. Inda gwamnati ba ta yi ba, mutum na iya yi wa kansa: ya ware wata kadara, ya rubuta cewa wannan ta jinyata ce, a sayar in bukata ta taso, kada a tsaya adana wa magada. Na sha ganin 'ya'ya suna ƙyashin sayar da fili don maganin mai filin, saboda a zuci sun riga sun raba.

Sauran aikin ba shi da wuya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma bashi na gaba da wasiyya da gado wajen fitarwa. A rubuta wanda ake bi da wanda ke bi, amanar mutane da ke hannu, asusun banki, hannun jari, abin da aka haɗa da abokin kasuwanci, da abin da yake na matar gida ne tun asali don kada a zuba shi cikin gado. Yanzu har waya ta shiga lissafi, domin kuɗi da shaidar ciniki da yawa suna bayan lambar sirri. Google tun 2013, Facebook tun 2015, sun ba da damar naɗa wanda zai kula da shafin mutum bayansa. Sai kuma abin da mutum ke so idan ciwo ya yi tsanani: a ci gaba da na'urori a asibiti, ko a mayar da shi gida a rage masa raɗaɗi? In bai faɗa ba, 'ya'yansa ne za su yi gardamar a bakin gadonsa, kowa na ganin ɗan'uwansa ne mara tausayi.

Wa zai fara ɗaga maganar? Ba a fafa gora ranar tafiya, amma ɗan da ya tunkari mahaifinsa da takarda da biro ya san kallon da zai sha. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ɗan ya fara da kansa. Ya rubuta tasa, ya kai wa mahaifin: "Baba, ga wasiyyata, a duba mini, a kuma zama shaida." Daga nan zancen ya daina zama na wanda ake jira ya mutu. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, ya kuma ce tun da ya ji wannan daga bakin Annabi (SAW) bai ƙara kwana ba tare da tasa a kusa da shi ba. Saurayi ne a lokacin, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Ya rayu fiye da shekara 60 bayan haka.