Ramin kwal na Blaenavon da namu na Iva

Duk wanda zai shiga ramin Big Pit da ke garin Blaenavon a kudancin Wales ta Birtaniya, sai ya bar wayarsa a sama. Ashana, laita, agogo mai batir, duk karɓewa ake yi. Daga nan a kifa masa hular kwano mai fitila a goshi, a ɗaura masa ɗamara mai nauyi a ƙugu, a shigar da shi kejin ƙarfe tare da sauran baƙi, a zura su ƙasa mita 90. Har gobe doka tana kallon wurin a matsayin mahaƙar kwal, don haka ƙa'idar da ta hau kan lebura jiya ita ke hawa kan baƙo yau, tunda ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da gas.

An daina haƙar kwal a ramin a 1980, aka sake buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1983. A ganina, a waɗannan shekaru uku dabarar take. Ba su bari injin ya yi tsatsa ba, ba su bari ruwa ya cinye ramin ba, kuma mutanen da suka yi aikin suna nan da ƙarfinsu. Su aka ɗauka su riƙa zagayawa da baƙi. Tsohon mahaƙi zai kai ka bakin wata ƙofar iska, ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Duhun da ke biyo baya ko tafin hannunka ba ka gani. A nan zai faɗa maka cewa kafin dokar 1842 da ta hana sa ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa, yara 'yan shekara biyar zuwa shida ake zaunarwa a irin wannan wuri, su wuni suna buɗe ƙofa suna rufewa. Can gaba ga bargar dawakan da ke jan kekunan kwal, da sunayensu rubuce. Babu allon bayanin da zai yi aikin muryar mutumin nan.

A sama kuma akwai gidan wankan da aka gina a 1939. Mai kallo zai ce bandaki ne kawai. To amma kafin zuwansa, maigida da 'ya'yansa maza baƙi ƙirin suke komawa gida, uwargida ce mai ɗebo ruwa, ta dafa, ta juye a baho, ta wanke kayan aiki, gobe ma haka. Ginin nan tarihin mata ne kamar yadda yake na maza. Haka babban zauren ma'aikata da aka buɗe a 1895, wanda leburori suka gina da sisin kwabon da ake yanka daga albashinsu duk mako, suka zuba masa ɗakin karatu. Da waɗannan, da masana'antar narka ƙarfe ta 1789, da tsaunukan da haƙa ta yi wa tabo, UNESCO ta haɗa ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Masu suka na cewa tarihi ba ya ɗora tukunya, kuma suna da gaskiyarsu. Ramin da ya taɓa ɗaukar ma'aikata sama da dubu ba zai mayar da su duka masu zagayawa da baƙi ba. Garin ya zube, mutanensa yanzu wajen 6,000 ne, kusan rabin yadda suke a lokacin da kasuwar kwal ke ci. Su kansu tsofaffin mahaƙan ƙarewa suke yi, domin ramin Tower, babban rami mai zurfi na ƙarshe a Wales, an rufe shi tun 2008, sai ga shi ana horar da matasan da ba su taɓa saran kwal ba su gaje su. Na yarda da duk wannan. Sai dai kwal ya riga ya tafi, ko da gidan tarihi ko babu. Abin da ya rage wa garin ya zaɓa shi ne ya rasa aikin kawai, ko ya rasa aikin da labarinsa.

Mu fa? An gano kwal a Udi, kusa da Inugu, a 1909, aka fara haƙa a 1915, layin dogo ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, aka buɗe ramin Iva a 1917. Kada ɗan Arewa ya ce ba ruwansa: da wannan kwal jiragen ƙasa suka yi ta jan gyaɗar Kano kafin zuwan injin dizal. A Iva ɗin ne kuma, ranar 18 ga Nuwamban 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙan da ke neman haƙƙinsu wuta, suka kashe 21, abin da ya ƙara wa neman 'yancin kai zafi. Akwai mutum-mutumin tunawa da su a wani shataletale a Inugu, ana kuma yi wa birnin kirari da birnin kwal. Ramukan kuwa, an daina aiki a Onyeama da Okpara tun farkon shekarun 2000, an bar wa ciyawa da ruwa.

Shekaru ukun da Blaenavon ta yi amfani da su sun daɗe da wuce mu, kuma ba na ce a zura baƙi cikin ramin da aka yi watsi da shi shekara ashirin ba. Amma waɗanda suka yi haƙa a shekarun 1980 da 1990 da sauransu a raye, a Coal Camp da Ngwo da ke yankin Inugu. Naɗar muryarsu ba ta buƙatar kwangila: ɗaliban tarihi na jami'ar Nsukka da waya a hannu sun isa, gidan tarihin ƙasa da ke Inugu ya adana, a karɓi fitila da hular kwano da katin aiki a wurin iyalan da suka ajiye. Tsofaffin leburorin kuza na Jos da Bukuru, waɗanda da yawansu Hausawa ne, su ma a je musu da irin wannan wayar.