Incumbent: wa ya kwanta a kan wa?

Tun zaɓen 2015 kalmar incumbent ta zauna a bakin mutanenmu. A shekarar ce Goodluck Jonathan ya zama shugaban Najeriya na farko da ya sha kaye a akwatin zaɓe yana kan mulki, har ya buga wa Muhammadu Buhari waya tun ba a gama sanar da sakamako ba. Gidajen rediyo suna fassara ta da "mai ci", kuma sun yi daidai. Amma da ƙanena mai shirin jarabawar WAEC ya tambaye ni jiya, "Yaya, me ya haɗa incumbent da recumbent?", sai na ga ashe rabin kalmar muka riƙe.

Tsatsonsu ɗaya ne a harshen Latin, cubare, wato kwanciya. Recumbent shi ne wanda ya kishingiɗa. Incubate kuwa kwancin kaza ne a kan ƙwai, kuma daga nan aka samo incubator, kwalbar nan da ake sa bakwaini a asibiti. Cubicle ma ɗan ɗakin barci ne tun asali, kafin ya koma lungun ma'aikaci a ofis.

Ita incumbent, wanda ya kwanta ko ya jingina a kan abu take nufi. A Ingila, wajen ƙarni na 15, limamin da aka danƙa wa coci tare da kuɗin shigarta ake kira haka; daga baya ne 'yan siyasa suka gaje ta. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, domin mu ma cewa muke sarki ya hau gadon sarauta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaya rabin. Idan Bature ya ce "it is incumbent upon you", ba kai ne ka kwanta a kan komai ba, nauyi ne ya kwanta a kanka. Da Hausa sai mu ce ya rataya a wuyanka, wajibinka ne. Kalma ɗaya ta ɗauki kujerar da kuma amanar da ke cikinta. Wallahi ina jin ciwo duk lokacin da na ji ana ta maganar "ƙarfin kujera" gab da zaɓe, ana lissafa motoci da jami'an tsaro da baitulmali, ba a ko ambaci albashin malaman firamare da maganin asibitin ƙauye ba, alhali su ne suka kwanta a kan mai kujerar.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu na Turanci su rage sa yara haddar kalmomi ɗaiɗai. Ɗalibin Larabci a zaure ya san tushen kataba ne ya haifi kitabu da katibu da maktaba, to me zai hana a koyar da Turanci haka? Ban gama yi wa ƙanena bayani ba ya buɗe littafinsa ya nuna mini succumb, ya ce, "Ke nan wannan wanda ya kwanta a ƙarƙashi ne, abu ya fi ƙarfinsa?" Ba wanda ya faɗa masa, kuma haka ɗin ne.