Shekara goma a Wycombe: dalilin da ya sa nake kare Gareth Ainsworth

Jiya da daddare, bayan an tashi daga gidan kallo, gardama ta kaure a majalisarmu kan wane ne koci na gaske. Kowa na jefo gwaninsa, wannan ya ce Guardiola, wancan ya ce Ancelotti. Da na ce a sa min Gareth Ainsworth a lissafi, sai wani ƙanena ya dire kofin shayinsa ya ce, "Haba Yaya, wanda QPR ta kora cikin wata takwas?" Maganar ta tsaya min a rai, da ita na kwana.

Gaskiya ne an kore shi. Ya karɓi QPR, wata ƙungiya ta birnin Landan, a Fabrairun 2023, kafin Oktoba ya ƙare an sallame shi, kuma ba zan ce an zalunce shi ba, domin sakamako bai yi kyau ba. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauki wata takwas a shafe aikin shekara goma da su.

A 2012 aka damƙa masa Wycombe Wanderers, lokacin ma bai rataye takalmi ba, yana horarwa yana bugawa. Ƙungiyar tana rukuni na huɗu a Ingila, tana hannun magoya bayanta, babu wani attajiri a bayanta. Talauci ya kai har sun rufe makarantar renon yara 'yan wasa. Da 'yan wasan aro da waɗanda wasu suka sallama yake haɗa tawaga.

Ranar da na fi so mutane su sani ita ce 3 ga Mayu 2014, wasan ƙarshe na kaka. Wycombe na bakin faɗawa daga rukunonin ƙwararru huɗu gaba ɗaya, kuma nasararta kaɗai ba za ta wadatar ba, sai Bristol Rovers ko Northampton ta sha kashi a gidanta. Suka je Torquay suka ci 3-0, can kuma Mansfield ta doke Bristol Rovers 1-0. Bambancin ƙwallaye ne ya cece su. Shugabannin ƙungiyar ba su kore shi ba. Shekara na zagayowa sai ga su a Wembley suna neman haurawa, Southend ta fitar da su a bugun fenareti. Bai tafi ba. A 2018 ya haura da su rukuni na uku.

Sai 13 ga Yuli 2020, lokacin korona. Filin Wembley fayau, ba ɗan kallo ko ɗaya, Wycombe ta doke Oxford United 2-1, Joe Jacobson ya ci ta biyun da fenareti. Ƙungiyar da aka kafa tun 1887, wadda filinta Adams Park ke ɗaukar mutum kusan dubu goma, ta shiga rukuni na biyu karon farko a tarihinta. A waya na kalli hirar da aka yi da ɗan wasan gaban Wycombe, Adebayo Akinfenwa, bayan wasan, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya da aka daɗe ana cewa jikinsa bai yi kama da na ɗan ƙwallo ba. Yana da shekara 38 a lokacin, murna ta hana shi tsayawa wuri ɗaya. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru min. Ainsworth ne ya ɗauko shi a 2016, ya gina wasa a kan ƙarfinsa, ya riƙe shi shekara shida.

Na san abin da masu suka ke faɗa. Wasansa ba ya burgewa, doguwar ƙwallo ce a cilla gaba a bi ta da gudu, ga ɓata lokaci idan suna kan gaba. Haka ne, ni ma wasu wasannin sun gundure ni. Wasu kuma na cewa yadda aka yi lissafin maki bayan korona ta tsayar da gasa ne ya ɗaga su daga matsayi na takwas zuwa na uku a teburin gasar. Wannan ma haka ne, amma ƙungiyoyin ne suka kaɗa ƙuri'a a kan tsarin, kuma sai da Wycombe ta fitar da Fleetwood da Oxford a fili. Wanda ba shi da kuɗin sayen gwanaye, da abin hannunsa yake yaƙi. Ko da suka faɗo a 2021, maki ɗaya tak ya raba su da tsira, a 2022 kuma suka sake komawa Wembley, Sunderland ta ci su 2-0.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne idan na waiwayo gasarmu ta gida. Koci ya yi rashin nasara biyu, sai ka ji an ba shi wa'adin wasa uku, ko ya gyara ko ya tattara komatsansa, alhali wani lokacin yaransa ma suna bin bashin albashi. Da a wajenmu Ainsworth yake a kakar 2014, da tun kafin a je Torquay an miƙa masa takardar sallama.

Ƙanena, shayin yau ni zan biya, amma sai ka zauna mun kalli wasan Oxford ɗin nan tare daga farko har ƙarshe.